Zannuwan da Aka Shanya Ranar da Na Haifi Auta

Assalamu alaikum, Babana.

Ina gaishe ka, ina gaishe da Hindatu da abin da take ɗauke da shi. Allah ya sa motarku ta hau tsaunin Mambila lafiya ta sauke ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Na cusa takardar nan a jakar kuka da daddawa, don na san ita za ku fara buɗewa. Labarin gida ba sai na ba ka ba, da idonka ka bar shi.

Ka san tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, balle in zaunar da kai in yi maka zancen haihuwa. A makon nan na yi ta kiran ka ɗaki, ka zo ka durƙusa, in dube ka, in ɓige da tambayar ko ka sayi igiyar ɗaure katifa. To, baki ya ƙi, hannu ya yarda. Ka karanta kai kaɗai, sannan ka karanta wa Hindatu. In kunya ta kama ka, ka juya mata baya ka ci gaba da karatunka.

Hoton asibiti ya nuna tagwaye ne a cikinta. Mahaifiyarta ta rasu, ni na so ta zauna a wurina har ta sauka, ta ce ba za ta bar ka kai kaɗai cikin sanyin can ba. Ban ga laifinta ba, amma hankalina bai kwanta ba. Ranar da naƙuda za ta zo babu uwa a kusa, babu ya, babu ni. Kai ne kaɗai nata. Abin da nake tsoro kuwa guda ɗaya ne, jinin da ke ɓalle wa mace bayan ta haihu. Ya taɓa ɓalle mini ranar da na haifi Auta. Kai kana makarantar kwana, aka ce maka zazzaɓi ne ya kwantar da ni, kai kuma ka yarda har yau.

Lokacin muna gidan hayar nan na Nasarawa mai bishiyar gwaiba, babanku yana aiki a masaƙa a Kakuri, ni ina sayar da atamfa a ɗaki. Ciki na biyar ne, na ɗauki kaina gwana. Awo na je na farko, na ga layi har bakin ƙofa, na ce ni da na haifi huɗu ras me yarinyar nas za ta koya mini? Ƙwayoyin ƙarin jini da suka ba ni kuwa tashin zuciya suke sa ni, na riƙa tura su bayan gado. Sai daga baya na tambaya, ka san ni da tambaya, me ya haɗa ƙwayar da ake sha tun ciki yana ƙarami da abin da zai faru ranar haihuwa? Aka ce mini kowace mace sai ta zubar da jini in ta haihu, wannan babu makawa. Wadda ta shigo da jini isasshe, a rage mata ta miƙe. Wadda ta shigo da kaɗan, ɗan abin da aka rage shi zai kayar da ita. Kuma ashe yawan haihuwar da nake taƙama da shi, shi kansa yana gajiyar da mahaifa. Saboda haka ka kai Hindatu awo da ƙafarka, a auna jininta, ka tambayi abin da awon ya nuna. In ƙwayar tana damunta ku koma ku faɗa, a canja mata lokacin sha ko a canja ƙwayar. Ka riƙa leƙa bayan gado ma, ba laifi ba ne.

Auta da hantsi ta zo, bayan babanku ya fita aiki. Haihuwa mai sauƙi, har ina dariya. Inna, kakarka ta wajen uba, tana wurin, da Iya Abu ungozomar unguwa. Mabiyiya ta ɗan yi nawa, Iya Abu ta riƙe cibiya ta ja a hankali, ta faɗo. Aka yi guɗa, aka kai ta bayan ɗaki aka binne, ba wanda ya tsaya duba ko ta fito cikakkiya. Aka ɗora ruwan wanka, aka dama kunun kanwa.

Jinin bai zo da ƙarfi ba, Babana, wannan shi ne abin da ya yaudare mu. Da ya kwararo gaba ɗaya da an yi ihu. Zuwa yake kaɗan-kaɗan, ba ya tsayawa. In na motsa sai guda ya faɗo. Na ce wa Inna, «Inna, anya abin nan bai yi yawa ba?» Ta ce, «Ƙazanta ce take fita, yarinya. Wanda ya zauna a ciki shi ke zama ciwo. Bar shi ya fita.» Ni ma haka na taso na ji, haka na gaya wa wasu matan kafin ranar.

Ga kuma tsabta da kunya. Masu barka sun fara shigowa, ba a so a ga jini a ɗakin maijego. Da zani ya jiƙe sai Inna ta zare shi, ta miƙa wa matan tsakar gida ta bayan labule, su wanke tas su shanya, a shimfiɗa mini wani. Ni kuma mai sayar da atamfa, zani ba ya yanke mini. Na jiki suka ƙare, na ce a buɗe akwati. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya gan shi fes, turare yana tashi, ni ina jingine ina amsa barka. Wallahi ƙauna ce ta sa suka yi, har hannayensu suka yi fari don wanki. Amma duk zanin da aka wanke, an wanke shaidar abin da na zubar.

Jiri ya fara ɗibata, na yi shiru. Ƙishirwa ta dame ni, na sha ruwa na ƙara, ba ta tafi ba. Zufa mai sanyi tana keto mini, zuciyata tana bugawa da sauri, maganar mutane ina jin ta can nesa. Duk na haɗiye, don kada a ce uwar 'ya'ya biyar tana raki. Ka lura da wannan, don Hindatu irina ce, ba ta iya cewa wayyo. Kada ka tambaye ta, «Lafiya dai ko?» Za ta ce maka lafiya lau. Ka taɓa hannunta ka ji ko ya yi sanyi, ka ja fatar idonta ta ƙasa ka ga ko ta yi fari, ka sa ta yi maka magana mai tsawo ka ji ko tana rikicewa. In ta ce barci take ji alhali jini yana zuba, kada ka ce a bar ta ta huta, ka tara mutane.

Ka tuna Sista Ladi, mutuniyar Pankshin da ke ɗakin ƙarshe, maman su Joy? Nas ce a ɗakin haihuwa. Ta dawo daga aiki bayan azahar, ta shigo tsakar gida, aka ce mata Maman Baba ta sauka. Ta yi murna, ta nufo ɗakina, sai ta ci karo da igiyar shanya. Igiya ta cika, har an ɗaura wata daga gwaiba zuwa taga, duk zannuwana ne suna ɗigar ruwa. Ta tsaya. Ina jin muryarta daga ciki.

«Waɗannan duka na yau ne?»

Aka ce mata e.

«Duka na mutum ɗaya? Wayyo Yesu!»

Ko sallama ba ta yi ba ta faɗo ɗakin, ta yaye mayafina a gaban baƙi, ta danna marata. Ta ce, «Maman Baba, cikinki laushi tiɓis. Yaushe rabonki da fitsari?» Na ce tun safe. Ta kori kowa, ta sa aka kawo fo, ta ce in yi ko ba na ji. Ta manna mini Auta a nono. Sannan ta kafa hannu a ƙasan cibiyata ta shiga murzawa da ƙarfi. Ranar na san ina da murya, na yi ihun da ban yi a naƙuda ba. Inna ta ce, «Baiwar Allah, za ki kashe ta!» Sista ta ce, «Mama, ki yi haƙuri, in na bari ne za ta mutu.» Tana cikin murzawa na ji wani abu ya dunƙule a marata ya yi tauri, jinin ya ja baya. Da ta saki ya sake laushi, ya dawo.

Wannan abin ya tsaya mini a rai shekara da shekaru. Me ya dunƙule? Me ya haɗa fitsari da jini? Me ya kawo nono cikin maganar? Bayan na warke na addabi Sista, in tana tsintar acca in zauna kusa da ita, har takan ce, «Maman Baba, ke da kin yi boko da likitoci sun shiga uku.» Ga abin da na tsinta. Inda mabiyiya take manne a jikin mahaifa, in ta ɓanɓaru, ciwo ne buɗaɗɗe, jijiyoyin jini a sake. Ba ɗinki ake yi masa ba, ba magani ake shafawa ba. Mahaifar ce da kanta take tsukewa ta matse jijiyoyin, kamar yadda kake matse wanki. Ikon Allah! In ta tsuke, jini ya tsaya. In ta gaji ta saki jiki, jini ya yi ta tafiya. Doguwar naƙuda tana gajiyar da ita, haka ƙaton jariri, haka tagwaye, don sun buɗa ta fiye da ƙima. Ka ga inda maganar ta iso ƙofarka. Mafitsara kuma maƙwabciyarta ce, in ta cika sai ta tokare ta, ta hana ta tsukewa. Tsotson jariri yana taimaka mata ta tsuke, shi ya sa maijego take jin mara tana murɗa mata in tana shayarwa. Ni da na shayar da huɗu ina jin murɗar nan, ban taɓa sanin aiki take yi mini ba.

Na tambaye ta, to yaya mutum zai san ya yi yawa, tunda kowa tana zubarwa? Ta ce su a wurinsu in ya kai cikin leda ɗaya ta ruwan sha, irin ta fiya-wata, an shiga haɗari. Na ce haba Sista, ɗan wannan? Ban yarda ba sai da na gwada. Na ninke tsohon zani a kan tabarma, na fasa leda ɗaya na juye a kai. Babana, zanin nan ya shanye ruwan, ɗan abin da ya ratsa zuwa tabarma bai taka kara ya karya ba. Na zauna ina kallonsa, ina tuna igiya biyu cike da shanya. Ka gwada kai ma kafin ranar, ka ga da idonka, don ido yana raina jini in yana cikin tsumma.

Don haka kada a wanke komai, kada a zubar da komai. Zani, audugar mata, gudajin da suka faɗo, a tara a bokiti ko leda a nuna wa ma'aikata. In wata mai kirki ta zo za ta taya ku wanki, ka yi mata godiya ka karɓe bokitin. Za su ce ɗan Kaduna ba shi da kunya. Su faɗa.

A asibiti aka gano dalilin da ya sa tawa take tsukewa tana saki. Guntun mabiyiya ne ya maƙale a ciki, wataƙila tun jan da aka yi wa cibiya. Muddin yana nan mahaifa ba za ta rufe ba, ko za a kwana ana murza ta. Suka sa mini ƙarin ruwa, suka yi mini allurar tsuke mahaifa, likita ta sa hannu ta fitar da shi. Ban ce Iya Abu muguwa ba ce, ita ta karɓi 'yan'uwanka uku, abin da ta gada ta yi. Amma kada ka bari kowa ya ja cibiya a gida, kuma in mabiyiya ta fito a duba ta kafin a binne.

Ina kwance a can ma ban bar tambaya ba. Matar gadon kusa da ni mahaifarta ta tsuke da kyau amma jini bai tsaya ba, ashe yagewa ta yi ta ciki wajen fitowar yaro, sai da aka yi mata ɗinki. Nas ta ce mini akwai kuma waɗanda jininsu ne ba ya daskarewa. Ka ga kenan jinin iri ɗaya ne a ido, dalilinsa daban-daban, maganin kowanne daban. Wane ne zai bambance su a ɗakin haya? Kunun kanwa ba ya ɗinke yagewa, ruwan zafi ba ya fito da guntun mabiyiya. Murzawar nan da fitsari da nono, na riƙe rai ne a kan hanya, ba su ne maganin ba.

Jini leda biyu aka ƙara mini. Na babanku bai dace da nawa ba, na Baban Joy ne ya dace, da na wani abokin aikinsu. Har gobe in na ce ina marmarin gwaten acca, babanku sai ya ce jinin Pankshin ne ya motsa. Amma kafin a samo su an sha yawo, don ba wanda ya san irin jininsa. Kai ka san irin na Hindatu tun yanzu, ka san naka, ka nemi mutum biyu ko uku a wurin aikinku ka roƙe su tun ana dariya.

Da kun sauka, kafin ka nemi inda ake sayar da nama, ka nemi asibitin da za ta haihu. Tagwaye ba a haihuwarsu a gida, ban yarda ba ko da wasa. Ka shiga ka yi tambaya irin tawa. Kuna yi wa mace allurar tsuke mahaifa da zarar ta haihu, tun kafin jini ya zo? Kuna da ita yanzu? A ina kuke ajiye ta? An ce mini ba ta son zafi, a firij take zama. Kuna ƙarin jini a nan? In abu ya gagara sai an yi tiyata, ina kuke tura mutum, kuma da wace mota? Sista, da na je gaishe ta a Unguwar Boro kwanan baya, ta ce yanzu har da wata allura mai taimaka wa jini ya daskare, wadda amfaninta yana ga a yi ta da wuri, da kuma ƙwayoyin da ake sa wa a ƙarƙashin harshe. Ta ja mini kunne, ni ma ina ja maka: kada ka saya a kemis ka ba ta da kanka. Duk abin da ke tsuke mahaifa, in aka ba mai tagwaye bayan na farko ya fito na biyu yana ciki, an jawo babbar masifa. Wannan aikin ma'aikata ne.

Ko an sallame ku kada ka saki jiki. Jinin biƙi raguwa yake yi yana dusashewa. In ya dawo ja wur bayan kwanaki, ko ya zo da wari ko zazzaɓi, ku koma a ranar, ko ana tsakiyar suna.

Na bar maka yadda aka fitar da ni daga gidan sai ƙarshe, don shi ya fi ci mini rai. Da Sista ta ce a tafi asibiti, Inna ta ce mai gida ba ya nan, ba za ta fitar masa da mata ba da izininsa ba. Lokacin babu wayar hannu. Aka tura mutum masaƙa, masu gadi suka ce sai an tashi. Sista tana murza cikina tana roƙo, Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana kuka, tana cewa, «Me zan ce masa in ya dawo?» Baban Joy ya tayar da mota, ya kashe, ya sake tayarwa. Ni kuwa da ake yi domina, da aka tambaye ni, cewa na yi a jira Malam. Ban san lokacin da aka ɗauke ni ba, sai da na suma tsoro ya rinjayi kowa.

Babanku ya iso asibiti da kayan aiki a jikinsa. Da aka ba shi labarin jiran da aka yi, Sista ta ce zama ya yi a ƙasa, ya riƙe kai, yana cewa, «Ni aka jira? Ni? Yaushe na taɓa cewa kada a kai ta?» Gaskiyarsa, bai taɓa hanawa ba. Amma bai taɓa cewa a kai ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Na kusa barin 'ya'ya biyar saboda maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Aikinka na shiga ƙauyuka ne, kuma an ce a can waya tana ɗaukewa. Saboda haka a ranar da kuka sauka, ka kira mai gidan da kuka kama haya da matarsa, ka kira Hindatu, ka faɗa da bakinka kowa ya ji: in naƙuda ta zo ko aka ga jini, a tafi da ita, kada a neme ka, kada a jira ka, ka yafe, ka ba da izini tun yau. Ka maimaita wa Hindatu ita kaɗai har sai ta ce ta ji. Babanka yana zaune a nan ina rubutu, bai tambaye ni me nake rubutawa ba, ashe yana leƙen takardar, sai da na zo nan ya ce, «Ki ce masa ni na ce ya faɗa.»

Allah ya raba Hindatu da abin da ke cikinta lafiya, ya ba ta naƙuda mai sauƙi, ya sa a dace da hannu mai albarka. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya yi maka albarka, ya dawo mini da ku gida ina raye. Jikokina ko wa ya miƙo mini su zan karɓa da hannu biyu, Babana, amma ni daga hannun uwarsu nake so in karɓe su.

Wassalam.

Mahaifiyarka.